Jininsa Lafiya Lau

Ɗana na fari ya cika shekara huɗu bai taɓa furta kalma ɗaya ba. Ba kurma ba ne. In injin jirgi ya tashi can bakin ruwa, kafin mu ji shi har ya toshe kunnuwa. Amma a kira shi sau goma, ba zai waiwayo ba. Yininsa jera tsakuwa a gefen inda muke bandar kifi. Kuma ba ya yarda a taɓa masa kai ko kaɗan, aski ma sai mutum biyu sun riƙe shi.

Uwar mijina, wadda duk gidan ke kira Inna, ta yanke cewa mataccen jini ne ya kwanta masa a ƙeya, a kira wanzami ya kafa ƙaho. Ban so ba, to amma ɗan fari ne. Ko sunansa ba na faɗa, balle in tsaya gaban surukata in ce a bar mini ɗana. Sai a ce ba ni da kunya.

Wata rana ina gyaran kifi, rediyo na kunne, na ji wani likita yana siffanta yara irinsa, kamar a gidanmu ya kwana. Ya ce sunan abin galahanga. Ya ce masu bincike suna duba wasu sinadarai cikin jinin yaran, ko za su ga alamar kumburi a ƙwaƙwalwa. Ni aji uku na tsaya a firamare, amma na riƙe kalma biyu, jini da kumburi. Kumburi ai na san shi. Lokacin da ƙayar kifin ƙurungu ta soke ni hannuna ya haye, ƙwaya aka ba ni ya saɓe. Na ce a raina, in asibiti suka rubuta kumburi, takarda za ta faɗa wa Inna abin da bakina ba zai iya ba.

Na roƙi maigida, shi ya roƙi Inna a dakata sai mun kai yaron asibiti an duba jininsa.

"Awo, ku tai," in ji ta. "Mu da munka yi renon goma ba mu san komi ba, sai rediyo."

Daga ƙauyenmu kusa da Wara muka hau mota zuwa Yelwa, mu da kwandunan kifin wasu. A asibiti sai da mutum uku suka danne shi kafin allurar ɗibar jini ta shiga. Na kau da kai, ina cewa a raina wannan kukan shi zai tsare shi daga askar wanzami.

Bayan azahar likita ta kira mu, wata mace mai sanyin murya.

"Maman yaro, babu zazzaɓin cizon sauro, jininsa bai yi ƙasa ba. Lafiya lau."

"To kumburin fa, likita?"

Ta tambaye ni inda na ji, na faɗa mata. Ta ajiye biro.

"Wannan bincike ne, ba a gama ba. Ba mu da awon da zai nuna shi, ba nan kaɗai ba. Galahanga a halin yaro ake gane ta, kuma na ga alamunta. Abin da yake buƙata koyarwa ce a hankali, da haƙuri. Kada a yi masa tsaga."

Na roƙe ta ta rubuta, ta rubuta a ƙasan takardar. Maigida kuwa tun daga "lafiya lau" ya daina saurare.

A gida Inna ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya.

"Mi sunka ce?"

"Sun ce jininshi lafiya," in ji maigida.

"To! Na hannu sunka ɗiba, shi kau mugun yana ƙeya. Ke yarinya, kin huta da yawo?"

Ina durƙushe na ce, "Inna, likita ta ce..." Ta dube ni sau ɗaya, na haɗiye sauran.

Washegari da hantsi wanzami ya zo. Aka nemi mai riƙe yaron, ya ƙi kowa, ya ruga ya ƙanƙame zanena. Inna ta ce tunda ke ya yarda da ke, riƙe shi. Ni na kifa shi a cinyata. Ni na danne kansa da tafin hannuna, aska na tafiya a ƙeyarsa. Jinin da ya taru a ƙahon baƙi ne, wanzami ya zaga da shi kowa ya gani, aka yi ta hamdala.

Tsagar ta warke cikin kwana bakwai. Magana ba ta zo ba. Da can in ƙishirwa ta kama shi, yakan kamo wuyan hannuna ya ja ni har bakin randa, iyakar hirarmu ke nan ni da shi. Yanzu shi kaɗai yake zuwa ya tsaya gaban randar, ya yi ta tsayuwa. In na miƙa masa moɗa, sai na ajiye ta ƙasa na ja baya kafin ya ɗauka.