Kusar tabaran Baba

Baba bai taɓa ajiye tabaransa a ƙasa ba idan zai yi alwala. Sama yake tura shi, ya ɗora a kan hula, hular kuwa mai kauri ce, sai hannayen tabarau su buɗe. Sau biyar a rana ake haka. Kafin sati ya zagayo 'yar kusar da ke riƙe da hannun dama ta saki, tabarau ya riƙa zamewa zuwa kan hanci.

Shi ba ya iya gyarawa. In ya cire tabarau ba ya ganin kusar, in ya sa kuma babu abin gyara a hannunsa. Tun ina aji biyu a lise, wato sakandare, aikin ya zama nawa. Kowace Juma'a, kafin ya tafi masallaci, sai in shimfiɗa farin hankici a tabarma don kada kusar ta faɗi ta ɓace, in ɗauko ɗan turnabis ɗin murɗa kusa da muka saya wajen mai gyaran agogo a kasuwar Garwa. Ni ba mai magana ba ce, shi ma haka. Yakan zauna yana ƙifta idanu har in gama.

Da na ci bak, jarrabawar gama lise, na sami gurbi a jami'a a Ngaundere, abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Wata uku zan yi ba na gida, Inna kuma hannunta na rawa. Wa zai ɗaure? In kusar ta ɓace, karatunsa na bayan la'asar ya tsaya.

Ranar tafiya da hantsi, kayana na bakin zaure, na ce ya kawo tabarau. Na yi niyyar in yi ɗaurin wata uku gaba ɗaya. Na murɗa kusar har ta tsaya, na ƙara, na sake ƙarawa. Sai na ji ta sake a hannuna, tana juyawa ba ta kama komai. Na cinye ramin da take shiga.

Na ajiye turnabis. Hawaye ya ɗiga a kan hankici.

"Uwata, lafiya?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Na lalata, Baba. Na matsa da yawa."

Ya yi dariya. "Yau ga ranar da ban taɓa gani ba, kuma ba tabarau balle in gani da kyau. Ke ma kina kuskure ashe?"

Ya lalubi bakin rigarsa ya tsinko zare guda, ya ce haka mai agogo yake yi. Na zura zaren a ramin, na mai da kusar a hankali. Ta kama, amma da ganinta sai an riƙa dubawa.

"To koya mini," in ji shi.

"Ai ba ka gani."

"Shekara nawa ina sayar da yadi? Da yatsa nake gane shadda."

Na ɗora farcensa a kan tsagin kusar, na sa masa turnabis, na riƙe hannunsa muka murɗa tare. Na ce da ya ji ta tsaya ya bari. Sau uku ya gwada, na ukun ban taɓa shi ba.

Mai babur ɗin da zai kai ni tasha yana ta oda a waje. Baba ya sa tabarau, ya dube ni sosai, ya jefa turnabis a aljihun gaba.

"Tashi, kada mota ta bar ki."