Hayaƙi a Ƙarƙashin Ɗakin Kaka

Mu uku abin ya shafa: kakata ta wajen uwa, da ɗanta, wato kawuna, sai ni da nake zaune a wurinsu a unguwar Sa'alaba tun bayan da na kammala jami'a. Kaka a saman bene take, kuma gwiwoyinta ba sa barin ta sauko sai an ɗauko ta. Warshar Kawu, wato shagon aikinsa, tana ƙasa, daidai ƙarƙashin ɗakinta. A nan yake sassaƙa allunan da matasa ke hawa a kan ruwa a gaɓar teku ta Abhur. Yakan goge farin soso mai tauri har ya yi siffar kifi, ya lulluɓe shi da ƙyallen faiba, sannan ya shafe shi da wani ruwa mai danƙo da ake ɗiga wa magani domin ya daskare.

Ruwan nan yana da hali. Idan an shimfiɗa shi a kan allo, a hankali yake bushewa. Idan kuwa aka bar shi tare a bokiti, zafi yake ɗauka da kansa. Kawu ya san haka sarai. Amma ranar, ana tsananin zafi, ya gama gauraya shi ke nan aka tayar da sallar la'asar. Ya dubi bokitin, ya dube ni, ya ce, "Raka'a huɗu ce, zai jira." Ya ajiye shi kusa da tsummoki, ya ja ƙofar ƙarfe, muka wuce masallaci.

Da muka fito, baƙin hayaƙi ne ke tuɗaɗowa ta ƙarƙashin ƙofar, yana hawa zuwa tagar Kaka. Kawu ya yar da takalmansa ya ruga, yana kiran, "Ya ummi! Ya ummi!" Na toshe hanci da rigata na bi shi. Matattakalar ba a ganin komai, da lalube muka hau. Ɗakin babu kowa. Na ga Kawu, dattijo mai furfura, ya durƙusa yana laluben ƙarƙashin gado yana kuka.

Sai muka ji muryarta daga lungun bayan gida: "Kai! Me kake nema a ɗakina? Sauko!"

Ashe matan maƙwabta, da yake a gida suka yi sallah, su suka fara jin warin. Ba su jira maza ba, suka ciccibo ta da kujerarta.

Kawu ya zube a gabanta. Ta ce, "Ubanka kwale-kwalen masunta ya gyara har ya rasu, ko tabarma bai taɓa ƙonawa ba. Kai kuwa saboda abin wasan yara za ka gasa ni kamar kifi?"

"Halas, shi ke nan, ya ummi, ki yafe mini."

Ɗaya daga cikin matan tana murza kafaɗa ta ce, "Hajiya, wallahi ki rage shinkafa."

"Yalla, tafi can! Wa ya roƙe ki?" in ji Kaka, amma ba ta saki hannun matar ba.

Mazan unguwa suka kashe wutar kafin 'yan kwana-kwana su iso.

Abin da aka rasa: alluna uku, injin guga ɗaya, fanka ɗaya, da girar Kawu ta hagu.