Kwanduna Uku na Gwaggo Zulai

Zulai 'yar Paki ce. A aji huɗu na firamare ta tsaya, kuma shekara talatin ta yi tana zaɓar tumatir a lambunan Ikara. A gabanta kullum kwando uku ne: mai tauri na Legas, mai ɗan laushi na kasuwar gida, wanda ya fashe na shanya. Ba ta taɓa juya tumatir sau biyu a hannunta ba. Da bayanta ya ƙi sunkuyo sai ta bar lambu, ba ta yi wa kowa ƙorafi ba.

Ɗan wanta, Zakiyyu, yana da shagon ɗaukar hoto a Ikara. Wata rana ta shiga ta huta, ta same shi ya zuba wa hotuna biyu ido a kwamfuta, ya koma wannan, ya dawo wancan.

"Kai, auren ɗayansu za ka yi?"

"Gwaggo, zaɓe nake yi. Hotuna dubu biyu ne, kowanne sai na ba shi tauraro, daga ɗaya zuwa biyar."

"Matsa."

Ya nuna mata maɓallan lamba da na wucewa gaba, yana dariya. Kafin azahar dariyar ta tsaya. Yatsun hagu a kan lambobi, na dama a kan kibiya, idonta bai sauka daga fuskar kwamfutar ba. Biyar na Legas, uku na kasuwa, ɗaya na shanya. Biyu da huɗu ba ta taɓa su, ta ce na masu jinkiri ne. Ba ta komawa baya, ba ta goge komai, domin ko na shanya yana da ranarsa. Idan ta gama, sai a tace masu biyar kaɗai, nan ne take zama ta duba a tsanake. Aikin da ke cin Zakiyyu kwana uku ya koma na wuni ɗaya. Masu ɗaukar hoto daga Makarfi da Kudan suka riƙa zuwa, su tsaya a bayanta kawai suna kallon yatsun.

Shekara uku tana kan kujerar nan. Sai Zakiyyu ya samo sabuwar manhaja mai zaɓe da kanta, wadda ke ware hoton da ya yi dishi-dishi da wanda aka rufe ido a cikinsa.

"Gwaggo, ki huta haka nan. Wannan minti goma take yi."

"To, Allah ya ba ta lada," in ji Zulai. Ta ɗauki mayafinta ta tafi gida.

Bayan sati biyu aka yi walimar saukar Alƙur'ani a wata Islamiyya a Gubuchi. Ɗalibai hamsin da takwas, hotuna dubu huɗu da ɗari uku. Za a buga kalanda mai fuskar kowane ɗalibi, kuma motar da za ta kai aikin maɗaba'a a Zariya bayan la'asar za ta tashi. Shugaban makarantar, Malam Mu'awiyya, ya zo shagon da takardar sunaye ya ƙirga hotunan da manhajar ta zaɓa. Hamsin da bakwai. Babu Rumaisa, wadda ta fi kowa karatu, wadda kakanta ya yi shekara yana jiran ranar. Babu wuta, batirin kwamfutar kuma awa ɗaya ya rage masa.

Zakiyyu ya hau babur da kansa ya ɗauko Zulai, a hanya ya gaya mata abin da ya faru.

"Ina mai minti goman?" ta tambaya tana zama.

"Gwaggo, don Allah."

Ta juya wajen Malam Mu'awiyya. "Malam, sannu da zuwa. Ya yarinyar take?"

"Hajiya, doguwa ce, baƙa, da farin hijabi."

"Duk farin hijabi suka sa, Malam. Wa ke zaune a gabanta da tana karatu?"

"Kakanta, Malam Abubakar Siddiƙ."

Zulai ta gyaɗa kai. Ta gane abin da ya faru. Yarinyar da kakanta malami ke zaune a gabanta ba za ta ɗaga ido ba ko da an kira sunanta sau goma. Sauran 'yan matan sun saci kallon kyamara ko sau ɗaya ne, ita ba ta yi ba. Manhajar ta ga ido a ƙasa, ta ce a rufe yake, ta watsa ta cikin na shanya.

"Buɗe min waɗanda ta zubar."

Dubu uku ne da ɗoriya. Ta gyara zama, ta yi bisimilla, ta fara. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar maɓalli kamar ana tsintar shinkafa a faranti. Fuska ta bayyana, ta ɓace, wata ta maye gurbinta kafin mai kallo ya gane namiji ne ko mace. Malam Mu'awiyya ya yi ƙoƙarin bin hotunan da ido, jiri ya ɗebe shi, ya nemi benci. Tela na maƙwabta ya bar kekensa ya leƙo, mai rake ya ajiye wuƙarsa ya shigo. Zakiyyu ya kasa haƙuri.

"Gwaggo, ta yaya kike bambanta su? Duk idon a rufe nake gani."

"Haɓa nake kallo," ta ce, yatsunta ba su tsaya ba. "Mai ƙifta ido haɓarta a sama take. Mai kunya haɓarta tana ƙasa. Yi min shiru."

Da aka kira la'asar, kwamfutar ta nuna jan gargaɗin caji. Zulai ta danna na ƙarshe, ta ce a tace masu biyar. Arba'in da ɗaya suka fito, duk 'yan mata ne da kai a sunkuye. Malam ya matso yana bi ɗaya bayan ɗaya. A na goma sha tara ya ɗora yatsa.

"Allahu Akbar. Ita ce."

Rumaisa ce riƙe da allo, ido a kan rubutu, baki a buɗe tsakiyar aya, gefen rawanin kakanta ya shigo ta kusurwa. Zakiyyu ya kwafe hoton, ya fita a guje ya tari direban yana shirin tayar da mota.

Malam ya daɗe yana kallon hannuwan Zulai, masu kaushi da tabon lambu.

"Hajiya, a ina kika koyi wannan?"

"A gindin tumatir."

An buga kalandar da fuska hamsin da takwas, ɗaya tana kallon ƙasa. Washegari Zulai ta tarar an sa wa kujerarta matashi. Ta latsa shi da hannu, ta ce ya yi laushi da yawa, na shanya ne. Sannan ta zauna a kai, ta ce a buɗe mata aikin ranar.