Matar da Ke Bangon Alƙibla

Shekarun da nake sarin riguna a kasuwar Shahe ta Guangzhou ina turawa Kano, ɗaki ɗaya muka kama haya ni da wani Badamagare a gidan wata tsohuwa 'yar China, kusa da kasuwar Canaan. Mama muke kiran ta. Mijinta ya daɗe da mutuwa.

A bangon ɗakin akwai zane na jan alli a takarda, ba gilashi a kansa. Mace ce a zaune ta juya baya, ta ɗan juyo da fuska, mayafinta ya zame zuwa ƙugu. A Guangzhou yamma ake fuskanta in za a yi salla, kuma a daidai wannan bangon take.

Abokin zamana ya yi boko da Faransanci. Ya karanta ɗan rubutun da ke ƙasa, ya ce kwafi ne na aikin wani tsohon gwanin zane Bafaranshe.

"To Alhaji, Bakano ya samu limamiya," in ji shi.

"Kai da ka iya yarensu, ce mata ta yi sutura."

"Ba ta jin maganar talaka. Mu dai gaya wa Mama ta ɗauke abarta."

Mun gaya mata. Ta girgiza kai, ta yi ta magana a waya, wayar tana fassara mana. Mijinta malamin zane ne, shi ya kwafa da hannunsa yana saurayi, shi ya rataye shi a nan. Sauran aikinsa duk sun salwanta. Ta roƙe mu kada mu taɓa.

Ban cire shi ba. Na ɗauko wani yadi mai kauri cikin samfurin kaya, na lulluɓe zanen, na manne gefe da gefe da salatif don kada iska ta ɗaga. Abokina ya ce ko mu riƙa yayewa bayan kowace salla. Na ce abin da aka rufe ai ya rufu. A lissafina na kare sallata, Mama ma na kiyaye mata amana. Haka muke rufe kaya a kasuwar Kwari ta Kano, abin da muke tsoro ƙura ce.

Amma a garin nan akwai lokacin da bango kan yi gumi, ruwa na tsattsafowa har a jikin ƙofa. Mun ga haka, muka matsar da dilolinmu tsakar ɗaki. Ban tuna da takardar ba.

Wata Juma'a mun dawo daga Masallacin Huaisheng muka tarar da Mama a bakin ƙofa, ta zo duba famfo. Ta nuna yadin. Na ɓare salatif ina murmushi, don ta ga yadda na adana.

Warin ruma ya fara fitowa. Takardar ta yi baƙi-baƙi da fumfuna, ta kumbura. Jan allin ya bi yadin. Kafaɗa ɗaya ce ta rage, da ɗan wuya.

Ba ta yi faɗa ba. Ta sa yatsa a inda fuskar ta ɗan juyo a da, yatsan ya fito da ja. Na ce zan nemo mata wani a kasuwa, wayar ta fassara.

"Meyo," ta ce. Babu.

Ta karɓi yadin daga hannuna, ta ninke shi a hankali, jan yana daga ciki, ta sauka da shi. Takardar kuwa, ta bar mana ita a bango. Har na bar gidan ba ta sake hawowa ba, jikarta take aikowa.