Furar da Na Hana Mahaifina Sha

A shekarar da na samu aiki a wani biro, wato ofis, cikin garin Dakoro, ni saurayi ne mai ji da kansa. Ɗan makiyayi ne ni daga wajen Korahane, kuma ɗan fari a gidanmu, amma zaman lakwal, makarantar boko, ya sa na fara ƙyamar warin dabbobi da cunkoson jama'a. In ranar kasuwa ta zo, ta bayan gari nake bi don kada wani ya goga mini riga.

Wata ranar kasuwa mahaifina ya shigo gari ya sayar da bijimi, ya biyo ta wurin aikina da sandarsa a kafaɗa. Bayan azahar ya ce in raka shi rumfar wata tsohuwa mai fura a bakin kasuwar dabbobi, wai nononta ba a tsarma shi da ruwa. Na san wurin. Rumfar zana ce, mutane kamar su hau kan juna, ga ƙuda. Na ce masa yau shi baƙona ne, akwai restora, gidan abinci mai tsabta, ga fanka, babu hayaniya. Ya sake cewa shi dai furar yake so. Na yi dariya, na ce ai fura kullum ita yake sha a gida. Ya dube ni, sannan ya hau bayan babur ɗina.

Aka kawo mana makaroni da nama. Ya yi ta juya cokali, bai ci abin kirki ba, idonsa na kan ƙofa. Ya riƙa tambayata ko kasuwa ta fara watsewa, ni kuwa ina ta zuba masa labarin aikina. Da muka fito la'asar ta wuce, motar garinmu na shirin tashi, na sa shi ciki ina jin na fita kunyarsa.

Sai bayan damina mahaifiyata ta faɗa mini abin da ban sani ba. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda suka yi shekara da shekaru ba sa magana saboda rigimar rijiya, shi ya aiko cewa zai jira shi a rumfar nan, su sha fura ƙwarya ɗaya su yafi juna. Baba bai iya buɗe mini cikinsa ba, don kunyar ɗan fari. Baffa ya zauna har mai furar ta wanke ƙorenta, ya tashi da zaton an ƙi shi. Ya yi arewa da dabbobinsa, can ciwo ya kama shi ya rasu, bai dawo ba.

Na je na durƙusa gaban mahaifina ina kuka. Ya ce in tashi, kwana ne ya ƙare. Har yau bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan shirun nasa ya fi duka ciwo.

Na gane cewa dattijo ba ya nacewa kan abu a banza, ko da dalilin da ya bayar ƙarami ne. Ƴan'uwana da boko ya kawo birni, in iyayenku suka zo suka nuna inda suke son zuwa, ku kai su kawai. Ba kowane uzuri ne uba ke iya faɗa wa ɗansa ba.