Numfashin da Yumɓu Ya Danne

Ni ba gwanin zance ba ne. Walda nake yi a Gwallaga, ido ya fara gajiya, baya ma haka. Amma akwai wata tatsuniya da ta hana ni sakat kwanakin nan, gara in faɗe ta in huta.

Kakata, Dada muke ce mata, daga wani ƙauye can gabas aka dawo da ita gidanmu bayan rasuwar mijinta. Da an yi magariba an sauke tuwo, sai ta gyara guntun itacen da ya rage a murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana. "Ga angon nawa nan, ko zane bai taɓa saya mini ba, sai cin gyaɗata." In ce na sake ta. Ta ce to in tashi daga bakin wutarta. Ba na tashi.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga wata tafe, wa zai ba ta wuri?" Mu ce mun ba ta.

A can da, in ji ta, akwai wani tafki mai faɗi, cike da ganyaye da ƙananan halittu waɗanda ido ma ba ya gani sosai. Suna mutuwa suna sauka cikin taɓo. Kogi ya yi ta kawo yashi yana zubawa a kansu, har tafkin ya ɓace, aka manta an taɓa yin ruwa a wurin. Su kuwa suna can ƙasa, ga nauyi a bisansu, ga zafin cikin ƙasa yana dafa su kamar wake a tukunya. Jikinsu ya narke, saura numfashi. Numfashin ya tashi neman mafita, ya iske Yashi, wanda nauyi ya riga ya mai da shi dutse. Yashi ya ce, "Shigo, ɗakunana ƙanana ne, amma suna da yawa." Numfashi ya cika tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ya ƙara yin sama, sai ya yi karo da Yumɓu. Yumɓu ya ce ba hanya, ya zauna a kansa kamar murfi.

A nan Dada kan kifa faifai a kan ƙwarya, ta danne da tafin hannu. "Yana nan har yau, yana taruwa. Ranar da wani ya huda, wuta ce za ta tashi." Mu kuwa abin da muka ɗauka kawai shi ne kada mu leƙa tsohuwar rijiya da fitila.

Na girma, na manta da tatsuniyar. Wadda ta dawo mini da ita 'yata ce, 'yar farina. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, alkunya ake yi. Haka mahaifina ya yi wa yayana, haka na yi mata. Tun tana goye "yarinyar nan" nake cewa. In zan ba ta abu, sai ta hannun uwarta. Ta yi karatun duwatsu a jami'a can Yelwa har ta gama, ban taɓa tambayarta me ake koya musu ba.

Kwanan baya ta sami aiki wurin masu haƙar gas, nesa da gida. Ana jibi za ta tafi, na dawo daga shago na ji tana yi wa uwarta bayani a kicin, hannunta a kan tukunyar gas. Tsofaffin halittu, zafi, dutsen yashi mai ƙananan ramuka, laka a sama ta toshe hanya. Na tsaya a zaure kamar ɓarawo. Labarin Dada ne, da kalmomin makaranta. Ga abin da zan iya ba ta kafin ta tafi, amma ban san yadda ake zama a gabanta ba.

Washegari da yamma tana ɗaki tana haɗa kaya. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ce wa uwarta, "Zo in yi miki tatsuniya."

Ta dube ni. "Malam, lafiya? Ko hayaƙin waldar ne ya hau maka kai?"

"Zauna dai."

Na ɗaga murya fiye da yadda ake buƙata. Motsin kaya ya tsaya a ɗaki. Da na kai wurin Yumɓu, labule ya ɗaga, yarinyar ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, wa ya ba ka wannan labarin?"

Na juya wajen uwarta. "Gaya mata kakata ce."

Uwar ta tattara kwanuka ta miƙe. "Na gaji da aiken nan. Ga ka, ga ta." Ta shige kicin.

Muka rage mu biyu. Ina da abin faɗa. Ranar da aka haife ta, bayan asibiti na zagaya na yi kuka inda ba mai gani. Ranar da ta gama makaranta, rufe shago na yi don murna, na ce wa abokan aiki ciwon kai ne. Tana durƙushe, tana jira. Na buɗe baki.

"Kin ci abinci?"

"Na ci, Baba."

Ta ɗan ƙara jira, sannan ta koma ɗaki.

Da ina ganin wannan shirun tarbiyya ce, kuma ban ce iyayenmu sun yi kuskure ba. Amma Dada ba ta gaya mana me zai faru ba in aka huda murfin, abin da ke ciki ya ƙi fitowa. Ga furfura a gemuna, ina narka ƙarfe kullum, na kasa haɗa magana ɗaya ga 'yar cikina.

Tun da ta tafi, wayata take bugowa ranar Juma'a, ba ta uwarta ba. Na sha miƙa wa uwar ba tare da na amsa ba. Wannan Juma'ar na riƙe har ta maimaita sallama. Na amsa. Na ce mata ana zafi a Bauchi. Ta ce can ma haka. Sannan na miƙa wa uwarta.