Yadda Muka Ɗaure Yaya Don Ta Sha Shayi

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin yayata a zaune hannu sake ba. A Bakura take aure, kuma tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. In ba ta suya tana matsa, in ba ta matsa tana wankin abin da ta matsa a ciki. Ko gaisuwa za ki yi da ita, sai dai ki bi ta daga murhu zuwa bakin rijiya kina "ina gajiya", tana amsa miki da ƙeya.

Wata ranar kasuwa jiri ya ɗebe ta a gaban kaskon mai, Allah ya tsare ba cikinsa ta faɗa ba. A asibiti aka ce jininta ya hau, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce abin da ya fi ƙwayar shi ne hutu. Ta shanye ƙwayoyin, ta bar musu hutunsu a can. Ni kuwa hankalina ya tashi ƙwarai, domin haka innarmu ta tafi: tana cikin shara ta faɗi, aka ɗauke ta da tsintsiya a hannu. Ba ni da kowa daga cikin ɗakinmu sai Yaya, kuma tsoro nake kada a kira ni wata rana a ce na zo Bakura da gaggawa.

A ƙofar gidanmu a Mafara, maigidana da abokansa suna da majalisa. Kullum bayan la'asar su hura gawayi, su ɗora 'yar buta, su yi ta kurɓar shayi a ƙananan kofuna har a kira magariba. Na tambaye shi me suke tattaunawa haka kullum. Ya ce ba komai. Na ce to me ake yi? Ya ce zama. Na dubi tumbinsa da yadda yake barci kamar an sauke buhu, na ce lalle wannan maganin shi Yaya ke buƙata. Na ari butar da kofunan, na sayo citta da kanumfari da na'a-na'a, na soya cincin, na aika wa Yaya da gwaggonmu ta Maradun da wasu maƙwabta cewa su zo ranar Asabar bayan azahar mu sha shayi.

Ashe ban san mutanenmu ba. Mace a nan in aka ce ta zo gidan wance ranar kaza, aiki ne, sai dai a yi kara a ƙi faɗin sunansa. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji sallama. Yaya ce, ɗan acaɓa na bin ta da babbar tukunya a ka. Maƙwabta suka shigo kowace da wuƙarta a naɗe cikin gefen zane. Gwaggo ta iso daga Maradun da zakara a hammata. Muka gaisa, ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ruwa da gona da awaki, duk tana ƙare wa cikina kallo. Ni da na aurar da ɗiya!

"Wa anka haihwa?" in ji ta.

Na ce, "Gwaggo, ba kowa. Shayi za mu sha."

"Awo, na ji. Shayin mi?"

"Shayin sha."

Ta ja ni gefe ta rage murya. "Ɗiyata, in wani abu na, hwaɗa min. Ni ba a ɓoye min."

Na rantse mata ba suna, ba biki, ba sadakar kowa. Ta gyaɗa kai irin na wadda ta fahimci ana ɓoye mata, ta sa aka yanka zakaran.

Kafin na ankara an aika an sayo albasa, tunda ga wuƙaƙe sun zo kuma ba za su koma haka nan ba. Yaya ta kafa duwatsu a tsakar gidana ta hura wuta. Shinkafar da maigida ya ajiye ta shiga tukunya. Zuwa la'asar an raba dafa-duka gida-gida a unguwa, maza na tsayawa a majalisa suna ce wa maigidana Allah ya raya, shi kuma yana amin don bai san me zai ce ba. Shayina ya huce a gefe, ƙuda biyu na iyo a ciki. Yaya ta wanke kwanonin da aka ɓata, ta wanke waɗanda ba a ɓata ba, ta share gidan, ta hau babur tana ce min taro ya yi kyau.

Asabar ta gaba na shirya musu. Na kulle madafa na sa makullin a lalitata. Tsintsiya na jefa ta kan rufi. Na tsaya a zaure ina karɓe wuƙaƙe kamar mai gadin banki. Na shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, na ce kowa ta zauna, yau ba mai taɓa ko cokali. Suka zauna a jere, shiru, kowace ta haɗa hannu a cinya, in kin gan mu sai ki ce zaman makoki ne. Wata maƙwabciya har ta ce min "ya haƙuri", ta kama bakinta.

Yaya ba ta jima ba idonta ya faɗa kan bakin tabarmar, ya ɗan warware. Ta zaro allura daga ɗankwalinta. Na ƙwace. Ta ga kitson Gwaggo ya tsufa, ta kama tsifa. Na raba su. Na miƙa mata kofi, ta shanye da zafinsa a kurɓi ɗaya kamar maganin tari, ta tashi za ta wanke kofin. Na ce a'a, a hankali ake sha, ana hira. Ta ce ta sha, ai ga kofin nan. Da na shiga ɗaki ɗauko sukari, na fito na tarar ta samo kara ta zunguro tsintsiyar daga kan rufi tana share kashin awaki. Wallahi ranar har ƙwalla na yi don haushi. Na ce, "Yaya, so kike ki bi Inna?" Ta ce, "Ke dai ɗaga ƙahwarki in share nan."

Dabarar ba tawa ba ce, ta maƙwabciyata mai ƙunshi ce, wadda ke yi wa amare da masu jego lalle a unguwarmu. Ta ce, "Ke kina ce mata ta huta, shi ya sa. Aiki za ki ba ta."

Asabar ta uku, bayan mun yi sallar azahar, mai ƙunshi ta shigo da kwano tana ɓata rai. Ta ce ta sayo lalle a kasuwar Talata, ga amarya gobe, kuma tana tsoron ba ya kamu. Da za a samu mai taimaka mata ta gwada a kai, da an rufa mata asiri. Ta dubi hannuna ta ce nawa ya yi laushi, ta dubi na Gwaggo ta ce ya yi tamoji. Yaya ba ta iya jin ana neman taimako ta kau da kai. Ta miƙa hannu ɗaya. Mai ƙunshi ta ce ai gwaji sai da biyu. Daga hannu aka gangara ƙafa. Aka lafta, aka naɗe da leda, aka ɗaure da tsumma, aka jingina ta da bango da matashi a baya, hannuwa a sama kamar wadda 'yan sanda suka tsare.

Sai da aka gama ta gane. Kaza ta hau tiren cincin, Yaya ta yunƙura, ledar ƙafarta ta zame, ta koma daɓas.

"Kun ci amanata!" in ji ta. "Ku kwance ni! Ke, ga kaza can! Gawayin ga ya yi yawa, ɓarna ta! Wa ya koya miki hura wuta?"

Mai ƙunshi ta ce in aka kwance yanzu ba za a san ko ya kama ba, amarya kuma gobe. Yaya ta yi ƙwafa. Can hancinta ya fara ƙaiƙayi, ta yi ta murguɗa shi har Gwaggo ta tausaya ta sosa mata da gefen mayafi, tana dariya har da tari.

Na zuba shayi, na hura ya ɗan huce, na durƙusa na kai mata baki. Ta kau da kai. Na bi ta. Ta harare ni, ta kurɓa. Ta ce sukari ya yi yawa. Ta sake kurɓa, ta ce citta ba ta ji ba. Na gutsuro cincin na sa mata a baki, ta tauna tana hararar kazar. Da kofin ya ƙare ta ce, "Ƙaro."

A kofi na biyu ne kafaɗunta suka sauka. Ta dubi hannuwanta a cikin leda ta ce rabon da wani ya ba ta abu a baki tun ranar da aka sa ta lalle za a kai ta Bakura, kuma Inna ce ta ba ta fura da ludayi, tana yi mata faɗa kada ta ɓata zanen. Na sake kai mata kofin baki. Kafin shayin ya dahu karo na uku, kanta ya karkata jikin bango, ta kama minshari. Gwaggo, wadda ko a masallacin Idi ba ta shiru, ta cire takalmi ta bi kazar da sanɗa ta kore ta. Muka zauna muna kurɓa a hankali, ba mai motsa cokali, har aka kira la'asar.

Tun daga nan shan shayinmu ya zauna. Har yau ina karɓe wuƙaƙe a zaure, har yau Gwaggo na duban cikina. Yaya ce mai baƙin lalle a duk Bakura, har ana raɗe-raɗin ko aure za ta sake. Jinin ya ɗan sauka, bai tafi duka ba. Mai ƙunshi kuwa kullum da sabon lallen da ba ta yarda da shi ba, Yaya kuma kullum sai ta yi kamar ta yarda da zancen.

Asabar ɗin da ta wuce mai ƙunshi ta makara. Yaya ta shigo, muka gaisa, ta dubi tsintsiya a jingine, ta dubi kwanonin da ban wanke ba. Na ga yatsunta na motsi. Sai ta je ta zauna jikin bango da kanta, ta miƙo min hannuwanta biyu.

"Ke, kwaɓo lallen ki ɗaure ni," in ji ta. "Na gaji."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Na tafi neman leda.